Masu ɗaukar hoton biki, wa ya gwada barin AI ya tace masa hotuna?

Mai Hoto Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a, ya aiki, ya zafi? Daga Garwa ta Kamaru nake rubutu, kuma shawara nake nema wurin wanda ya riƙe abin nan da hannunsa har ya yi wa mutane aiki da shi.

Shekarata 11 ina ɗaukar hoton biki da suna. Nikon D750 nake riƙewa, ta hannu na saya, yarona kuma yana bina da tsohuwar D5300. Ɗauka ba ta taɓa gajiyar da ni ba. Zaman da ke biyo baya shi ne yake cin raina. Bikin da muka yi mako uku da suka wuce, daga ranar lalle zuwa daren kai amarya, mun dawo da hoto 2,340 a kati huɗu. A cikinsu 300 zan zuba wa masu biki a filas, 60 kuma su shiga albam. Kafin in fitar da 300 ɗin nan sai na buɗe kowane ɗaya, in zuƙo fuska in ga ko ido ya fita tar, in wuce na gaba wanda kusan shi ne, sai dai hannun ƙawar amarya ya ɗan sauka. Dare uku ina wannan. Gyaran haske da launi wani dare huɗu ne. Wannan fa in wuta ta tsaya ke nan. Ku da kuke nan arewa kun san Maris da Afrilu: ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, wuta ta zama ta rabo unguwa-unguwa, zafi ya haura 40, fankar kwamfuta tana ihu, fetur ɗin inji kuma daga aljihuna yake fita.

Su kuwa ƙawayen amarya tun daren dina sun cika WhatsApp da hotunan waya. Kwana biyar da biki sai uwar amarya ta kira: "Malam, har yanzu shiru? 'Yan uwanmu na Yola za su koma." Gaskiya ta faɗa, kuma ina jin nauyinta. Bara kafin azumi biki huɗu suka taru mini a wata ɗaya, na ƙarshen sai bayan Sallah na kai musu.

Shi ya sa da wani abokina ya ce in gwada manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, mai tace hotuna, ban yi musu ba. A gidansa na sauke ta gwaji, na zuba mata hotunan bikin nan gaba ɗaya, muka fita sallar Isha. Kafin mu gama cin abinci ta gama. Ta ware masu dishi-dishi gefe, ta tattara masu kama da juna ta fitar da ɗaya a kowane tari, ta sa taurari. Wallahi na yi murna, don aikin dare uku ne na gani a gabana cikin ƙasa da awa ɗaya.

Da na koma gida na buɗe waɗanda ta ƙi, sai jikina ya yi sanyi. Hoton ɗaurin aure lokacin da liman ya shafa Fatiha, dattawa sun ɗaga hannu, waliyyin amarya ya lumshe ido: ta ce ido a rufe, ta jefar. Amarya a zaune kan tabarma ranar kamu, kanta a sunkuye, mayafi ya sauko har haɓa: ba ta ga fuska ba, ta ba shi tauraro ɗaya. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na daren kai amarya. Yarinyar ta riƙe zanin mahaifiyarta tana kuka, gwaggonninta suna ɓamɓare hannunta, fitilar tsakar gida ɗaya ce, hoton ya ɗan girgiza. A duk hotuna 2,340 shi ne na san uwar za ta ajiye har ta mutu. Yana cikin na zubarwa. A cikin zaɓaɓɓu kuwa na ƙirga hoto 14 na wani abokin ango mai baƙin gilashi, wanda duk inda na juya kyamara yana gabanta yana dariya.

Na kuma bar ta ta gyara launi a hoto 50 don in gani. Fatar amarya, wadda baƙa ce mai sheƙi, ta koma toka-toka kamar wadda ta kwana cikin hazon hunturu. Farar shaddar ango ta ƙone, aikin wuyan babbar rigar ya ɓace.

To 'yan uwa, saiti ne ban iya ba, ko haka abin yake ga kowa? Wacce ce take aiki ba tare da intanet ba, tunda data a nan ba ta arha? Kwamfutata i5 ce mai RAM 8, za ta ɗauka? Sannan akwai abin da yake damuna a zuciya: na ji wasu sai sun tura hotuna can ƙasar waje kafin su gyara. Hotunan matan mutane ne a cikin gidajensu. Ku taimaka mini da abin da kuka sani, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Yaya. Shekara biyu ke nan ina aiki da irin waɗannan, kuma duk abin da ka lissafa ya same ni a watan farko, sai dai ni a hawan Sallah ne: duk dokin da ya tayar da ƙura ta ce hoton bai fita ba.

Manhajar ba ta san biki ba, Yaya, ba ta san amarya ba. Tana duba lokacin da kyamara ta rubuta a jikin kowane hoto da yadda suka yi kama, ta haɗa su tari-tari. A cikin tari sai ta nemi fuska, ta auna kaifin hoton a wajen ido, ta duba ido a buɗe yake ko a rufe. Wanda ya fi maki shi ta ɗaga sama. Kamfanonin da suke yin su kuma babbar kasuwarsu bikin Amurka da Turai ce, inda amarya take ɗaga kai tana kallon kyamara tana dariya. Tamu da kunya ta sa ta sunkuye, a lissafin manhaja hoto ne marar fuska. Abokin angon nan naka kuwa duk abin da take nema ya ba ta.

Kuskurenka na farko shi ne zuba mata kwana uku a jaka ɗaya. Ni rarrabawa nake yi: lalle daban, ɗaurin aure daban, dina daban, kai amarya daban. A dina da hotunan jere, inda mutum 20 suka tsaya kuma kullum sai ɗaya ya ƙifta, nan nake sakar mata mara, kuma ta fi idona sauri nesa ba kusa ba. A ɗaurin aure ina kashe duba rufewar ido gaba ɗaya, akwai wurin yin haka a saiti. Kai amarya kuwa ba na ba ta, da hannuna nake yi, dama hotunan ba su cika wuce 150 ba. Wata dabara kuma: hoton da ka ɗauka ka ji a jikinka cewa shi ne, danna masa maɓallin makulli a kyamara tun a wurin. In ka dawo ka fara kwashe waɗannan gefe kafin manhaja ta gan su. Kuma ka daidaita agogon kyamararka da ta yaronka kafin ku fita, har daƙiƙa. In akwai tazarar minti biyar tsakaninku za ta cakuɗa muku tarin.

Hankalinka ya kwanta a kan abu ɗaya: ba ta goge hoto. Taurari da launukan da take sawa a wani ɗan fayil na gefe take rubuta su, XMP, wanda Lightroom, manhajar gyaran hoto, yake karantawa. Hotonka na RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ta ɗauka, yana nan yadda yake. Don haka kullum in ta gama ina buɗe waɗanda ta ƙi a ƙananan hotuna, 40 a allo ɗaya, in bi su da ido. Minti 20 ya ishe ni.

Maganar intanet. Aftershoot a cikin kwamfutarka take yin tacewar, in ka sauke ta ka shiga da sunanka ba ta buƙatar ka tura hotuna ko'ina don ta tace, kuma kuɗinta na wata ne ko na shekara, ko hoto nawa ka zuba. Imagen a na'urorinsu na can take yin gyara, dole sai da intanet, kuma kan kowane hoto ake biya, wajen santi 5 na dala lokacin da na duba. Hoto 300 ka ga ya kama kusan sefa dubu 9, ban da data. Akwai kuma Photo Mechanic, ita tsohuwar hannu ce ba ta zaɓar maka komai, amma tana nuna ƙaramin JPEG ɗin da kyamara ta cusa a cikin RAW, shi ya sa hoto yake buɗewa nan take ba jira. Rabin daren da kake ɓatawa, Yaya, jiran Lightroom ne ya buɗe hoto. Biya kuwa da katin Visa na banki nake yi, irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi.

Kwamfutarka za ta yi, amma da wahala. Kafin ka biya kowace manhaja ka ƙara RAM ya kai 16, ka sa SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, in babu. RAW na D750 yana kai mega 25 zuwa 30, wato bikin nan naka ya haura giga 60. Ka ɗora kwamfutar kan wani abu iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta, ka sa aikin da asuba, don in ta ɗauki zafi da kanta take rage gudu. Denoise ɗin da Adobe suka saka a Lightroom a Afrilun 2023 yana wanke yashi-yashin hoton dare sosai, zai taimaki hotunan kai amarya, amma a kwamfutar da ba ta da katin girafik mai ƙarfi hoto ɗaya sai ya ci mintuna. Ka zaɓi 15 ko 20 ka yi musu, kada ka sa duka.

Toka-tokar da ka gani kuma, salon wani ka ara. Waɗanda suke zuwa a shirye cikin manhaja, masu hoto na wasu ƙasashe ne suka gina su da hotunansu. In kana son ta gyara irin naka sai ka ba ta hotunan da kai ka gyara a Lightroom, wajen 2,500 zuwa 3,000, ta koyi yadda hannunka yake motsa haske da launi. Amma ka sani wannan koyarwar tana buƙatar turawa ta intanet.

Hajiya ta Tongo, Ngaundare

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mace ce a sana'ar, shekara bakwai, kuma yawancin aikina a cikin gida ne inda ku maza ba ku shiga: ƙunshi, wankan amarya, kamu, buɗar kai. Ɗan Domayo ya gama maganar saiti. Ni kan fata da kan amana zan tsaya.

Matsalar fatarmu a hoto ta girmi AI. Tun zamanin fim, a shekarun 1950, katin da Kodak suke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jiki, ana ce masa katin Shirley, kuma da shi ake auna ko launi ya yi daidai. A 2018 wata mai bincike 'yar asalin Ghana a jami'ar MIT ta Amurka, Joy Buolamwini, ita da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu duba fuska su faɗi namiji ne ko mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kusan kashi 35. Ba manhajojin tace hoton biki suka gwada ba, amma tushen ɗaya ne: abin da aka fi nuna wa na'ura shi ta fi ganewa. Ga shi kuma bikinmu shi ne mafi wuya ga kowace kyamara: baƙar fuska a saman farar shadda mai ƙyalli, rana tsaka, ko kuma zauren dina da aka cika da fitilu shuɗi da ja. In ta ɗaga haske don fuska, riga ta ƙone. In ta kare riga, fuska ta nutse. Ni abin da nake yi, bayan manhaja ta gama nata, ina amfani da zaɓen mutum na Lightroom, wanda yake ware fatar fuska ita kaɗai, in ɗan ɗaga ta in mayar mata da ɗuminta ba tare da na taɓa riga ba.

Sai dai ka bambance abu biyu, Malam. Akwai manhajar da take motsa haske da launi kawai, kamar yadda kai za ka motsa. Akwai kuma mai gyaran fuska, wadda take shafe abin da ta ɗauka aibi ne ta zana wata fata a wurin. Wannan ta biyun ita ta taɓa jawo mini kunyar da ban manta ba. Kakar wata amarya ce, Bafulatana daga wajen Tibati, da zanen fuskarta da baƙin tsaga a kewayen baki irin na matan da. Na sa manhajar ta bi hotuna 80 a tare don ina sauri, ban bi su ɗaya-ɗaya ba. Ta share zanen tas, ta mayar da tsohuwa sumul. Da na kai albam, ɗanta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni a hankali, "Hajiya, wannan ba innata ba ce." Na sake buga shafi huɗu da kuɗina, kuma ba kuɗin ne ya dame ni ba. Tun ranar fuskar dattijo ko dattijuwa ba ta shiga wannan manhajar a wurina. Ka kula da hannun amarya ma, siraran layukan lalle takan murje su.

Amare da kansu sukan ce, "Anti, ki ɗan haska ni." Ina zama da su in nuna musu biyu a allo, wanda aka haska da wanda aka bar fatar da sheƙinta aka gyara haske kawai. Da yawa na biyun suke ɗauka in sun gani da idonsu. Wadda ta nace ina yi mata kaɗan, amma ba na barin na'ura ta yanke wannan hukuncin a kan 'yar mutane ba a tambaye ta ba.

Amana kuwa, ga yadda na tsara. Duk hoton da aka ɗauka a ɗakin mata, inda babu mayafi, ba ya fita daga kwamfutata zuwa ko'ina, ko da kamfanin ya ce ƙaramin kwafi kawai yake ɗauka. Sun bar ni na shiga ne don sun yarda da ni. Na dina da na waje, in zan tura, ina faɗa wa masu biki tun ranar da muke ciniki. Kuma ka sani tun Disamban 2024 Kamaru tana da dokar kare bayanan mutane, hoton fuska kuwa yana cikin bayanan mutum. In za ka koya wa manhaja salonka kamar yadda ƙanena Ɗan Domayo ya ce, ka tsince hotunan da za ka ba ta.

Mai Hoto Yelwa, Garwa

Hajiya, Allah ya saka. Maganar kakar nan ta tsaya mini a rai, don a bikin da nake magana akwai dattijo Babarbare da zanensa tun daga goshi. Ɗan Domayo, na gode ƙanena, ban taɓa duba agogon kyamarar yaron ba. Yanzu na duba, tazarar minti 11 ce tsakaninmu.

Tsohon Mai Hoto, Injamena

Ɗana na Garwa, jikana ne yake rubuta mini, idona ya yi rauni. An karanta mini duk abin da kuka ce.

Lokacin da na fara, fim ɗaya hoto 36 ne. Biki babba fim uku nake saya, 108 ke nan, kuma kusan 90 nake kai wa mutane. Mai kala sai in ƙetara Kusiri in ba direba ya kai Maiduguri a wanke, in jira mako. Ba na ce mu mun fi ku ba, kyamarorinku suna ganin abin da namu ba su gani, musamman da dare. Amma ka tambayi kanka ta yaya aka yi ka dawo da 2,340. Kyamararka tana harba hoto shida da wani abu a daƙiƙa ɗaya in ka danne. Ka danne sau uku a kan mutum biyu da suke gaisawa, ka tara wa kanka hoto 20 da za ka zauna tacewa da dare. Ka mayar da ita ɗaya-ɗaya, ka bar harbin jere sai wurin rawa da dawakai. Wahalarka za ta ragu da kashi ɗaya cikin uku kafin ka biya kowa sisi.

Abu na biyu, wanda na'ura ba za ta yi maka ba ko shekara nawa ta yi tana koyo. Kafin in ɗaga kyamara a gidan biki, sai na ce a ba ni mutum ɗaya daga dangin amarya, ɗaya daga na ango, su tsaya kusa da ni. Su ne za su ce mini wannan ce yayar uwa da ta zo daga Abeshe, wannan ne kawun da ya riƙe yarinyar tun rasuwar ubanta, waɗannan biyun shekara goma ba su gaisa ba sai yau. Tsohuwar da take zaune a lungu ba ta kallon kowa, wataƙila ita ce ta sayar da shanunta aka yi kayan ɗaki. In babu ita a albam, ko hotunan sun fi madubi kyau, ka ɓata da gidan.

Ban hana ka amfani da ita ba. Jikan nan nawa yana ɗaukar hoton 'yan makaranta, yara 400 a bango ɗaya da haske ɗaya, kowane yaro hoto uku. Na zauna kusa da shi na ga yadda take fitar da wanda ido yake buɗe, ban ga ta yi kuskure ba sai kaɗan. A irin wannan aikin alheri ce.

Damuwata yaronka ne. Ni a ɗakin wanki na koyi hoto, ina kallon maigidana yana ɗaga fim a fitila yana cewa wannan a buga, wannan a bari, in tambaye shi dalili. Kai ma na tabbata darare ukun nan da kake kuka da su su ne suka gyara maka ido. In na'ura ta karɓe tacewa gaba ɗaya, yaron zai iya danna kyamara, amma a ina zai ga kuskurensa? Ka zaunar da shi a gefenka lokacin da kake duba waɗanda ta ƙi. Ka sa shi ya fara faɗin wanda za a ceto kafin kai ka yi magana.

Mai Hoto Yelwa, Garwa

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, ya bar mana ku. Na yi shiru kwana goma don ina so in dawo da abin da na gani da idona.

Na ƙara RAM ya zama 16. Asabar da ta wuce mun yi biki a Pitowa. Na mayar da kyamara ɗaya-ɗaya kamar yadda Baba ya ce, muka daidaita agogo ni da yaro a ƙofar gidan, muka dawo da 1,410. A hanya na ji tsoro ko na yi sake, amma da na duba babu abin da ya wuce ni. An ba ni wata gwaggon amarya ta tsaya kusa da ni, ita ta nuna mini makahon dattijon da ya yi wa uban amarya karatun allo, wanda da ni kaɗai ne da na wuce shi a zaure. Duk wanda ta nuna na ɗauka na danna makulli, suka zama 37.

Na raba jaka huɗu. Dina da hotunan jere na ba manhaja, da asuba, ta gama kafin rana ta fito. Ɗaurin aure na kashe duba ido. Kai amarya ni da yaro muka yi da hannu. Ɗakin mata kuwa, Hajiya, ƙanwar matata ce ta shiga da ƙaramar kyamara, kuma hotunan ba su bar kwamfutata ba. Da muka buɗe waɗanda manhaja ta ƙi, na bar yaron ya fara. Ya ceto 16, na ƙara bakwai. A cikin nasa akwai ɗaya da ni ban lura da shi ba: ƙanen amarya ɗan shekara shida ya yi barci a kan akwatunan lefe, fuskarsa a kife. Tacewar gaba ɗaya dare ɗaya da rabi ta ci. Ranar Laraba na kai filas, baƙin Ngaundare ba su riga sun tafi ba, uwar amarya ta sa aka haɗa a talabijin suka kalla tare.

Gyaran launi har yanzu da hannuna nake yi, ban yarda in ba ta ba tukuna. Na shiga tsofaffin ayyukana ina tsince waɗanda zan koya mata da su, ina cire na cikin gida, ina cire na shekarun farko da nake cika ja a fata. Na samu 1,900 zuwa yanzu, bikin bayan Sallah zai cike mini sauran in Allah ya kai mu.

Ɗan Domayo, tambaya ɗaya ta rage mini kafin in tura. Hotunan rana na tsakar gida da na zauren dina masu fitilu kala-kala, yadda nake gyara su ya sha bamban ƙwarai. In haɗa mata su a salo ɗaya, ko in jira sai na tara isassu in gina biyu, na rana daban na dare daban?